Inda Za A Yi Bikin Auta

Litinin 2 ga wata, ƙarfe shida na yamma

A littafin nan nake zana wayarin gidajen mutane, amma yau abin da zan rubuta ba waya ba ce. Ba ni da wanda zan faɗa wa, shi ya sa.

Saura wata huɗu auren Auta, kuma kowa a gidan nan ya san inda za a yi: Saman Bene, babban ɗakin taron da ke titin kasuwa. Ni na yi masa wayarin shekara ashirin da ɗaya da suka wuce, ni kaɗai a kan tsani, ƙwan fitila ɗari biyu da sha biyu, kuma har yau ko fis bai taɓa ƙonewa ba. Ranar da na gama, mai ɗakin ya riƙe hannuna ya ce, "Injiniya, ranar da 'yarka za ta yi aure, nan gidanka ne." Lokacin Auta rarrafe take yi. A nan muka shirya a ɗaura, a nan a yi liyafa, mutum ɗari huɗu su zauna ba mai taka ƙafar wani.

To yau da safe ina shan shayi, Maman Auta ta ce, "Malam, da za mu duba wani wurin." Ba ta ko dube ni ba. Na ce wane wurin? Ta ce ko'ina, a dai duba. Na ce me Saman Bene ya yi miki? Ta ce bai yi komai ba. Auta kuwa tana bakin ƙofar kicin tana goge kofi ɗaya tun da aka fara maganar, har na ji tsoron kar ya huje.

Ba zargin kowa nake ba. Amma ruwa ba ya tsami banza.

Talata 3 ga wata, da rana

Ta sake tayar da maganar. Na yi mata kunnen uwar shegu.

Alhamis 5 ga wata, ƙarfe biyu na rana

Tun bakwai na safe ta fita ita da ƙanwarta, wai duba wurare. Ƙanwar nan tata Rediyo nake ce mata tun tana budurwa, don in ta buɗe baki sai an ɗauke wuta. Sai ƙarfe ɗaya suka dawo. Na ce wurare nawa kuka gani? Maman Auta ta ce biyu, Rediyo ta ce uku, a lokaci guda. Suka dubi juna. Maman Auta ta shige ɗaki ta kwanta da mayafinta.

Na ce wa Rediyo, "Yau batir ne ya mutu?" Da can da ta rama min da goma. Yau murmushi kawai ta yi ta ɗauki jakarta.

Asabar 7 ga wata, ƙarfe biyar na yamma

Sun ja ni mun je na gani da idona, ni da ita da Auta.

Na farko ɗakin taron wani otal ne, hawa na biyu, na'urar hawa ta lalace. Maman Auta ko fitowa daga mota ba ta yi ba, ta ce fentin bai yi mata ba. Daga cikin mota ta ga fentin hawa na biyu!

Na biyu na wata makaranta ne a bayan gari. Wuri mai kyau, fankoki sababbi, har janareto gare su. Ta ce hanyar ta yi gargada. Duk ramin da muka faɗa sai ta runtse ido, wai direban ne bai iya ba.

Na uku shi ne ya tsaya min a rai. Lambu ne a bayan gidan wata tsohuwa, layi uku daga gidanmu, bishiyar mangwaro huɗu da rumfar kwano. In an matsa, mutum tamanin. Wayar wutar kuwa, Allah ya kiyaye, an ɗaure tsirarar waya da leda an rataye a reshe. Na nuna wa Maman Auta, ba ta ko ɗaga kai ba. Sai ga tsohuwar ta fito da makulli tana cewa, "Ga ɗakin da kika tambaya, 'yata, na sa an share." Ƙaramin ɗaki ne a gefen rumfar, gado ɗaya da banɗaki. Wato ta taɓa zuwa ke nan. Yaushe ta tambaya?

Kuma wa muka tarar a zaune a gindin mangwaro? Angon, da ledar magani a hannu. Dogo muke ce masa, a kantin magani yake aiki. Wai wucewa ya zo yi. Mai wucewa ne tsohuwar za ta ce masa "ɗana, ka dawo"?

Maman Auta ta ce, "Nan ya yi." Auta ta ce, "Nan ya yi." Dogo ya sosa ƙeya ya ce, "Gaskiya Baba, nan ya yi." Kamar 'yan makaranta masu bitar karatu.

Lahadi 8 ga wata, da hantsi

Na gano. Surukai ne. Baban Dogo babban ma'aikaci ne mai ofis da labule, ba ya son baƙinsa su zauna kusa da birkiloli da kafintoci da masu fenti. In wuri ya zama na mutum tamanin, mutanena ne za a zubar. Sun bi ta hannun mata don sun san ni ba za su iya tunkarata ba.

Ba zargin kowa nake ba, amma biri ya yi kama da mutum.

Talata 10 ga wata, ƙarfe huɗu na yamma

Na je wurin mai Saman Bene don in ce masa ya riƙe mana ranarmu ko me za a yi. Ya ba ni kujera, ya sa aka kawo ruwa, sai ya ce, "Injiniya, ai Madam ta kira ni tun ƙarshen watan jiya ta ce a saki ranar. Na ɗauka da saninka."

Watan jiya. Kafin ta ce min "da za mu duba."

Na ce masa e, da sanina, mantuwa ce ta tsufa. Na sha ruwan na fito. Shekara talatin da ɗaya muna tare, ko tsintsiya ba ta taɓa sauyawa a gidan nan ba ta faɗa min ba.

Laraba 11 ga wata, ƙarfe bakwai na yamma

Na tare ta da maganar. Ba ta musa ba. Ta ce, "Na kira shi. Kuma akwai wata, gara ka ji gaba ɗaya. Mun matso da ranar. Ashirin da takwas ga watan nan."

Kwana sha bakwai. Na ce ku wa? Ta ce mu. Na ce ni ba na cikin mu? Na ɗaga murya, na san na ɗaga, har maƙwabta suka rage rediyonsu. Ta bar ni na gama sannan ta ce, "Malam, ban taɓa roƙonka abin da ba dalili ba. Ka ba ni wannan."

Ƙaramin wuri. Baƙi kaɗan. Gaggawa. Ɗaki da gado a gefe. Ango yana yawo da ledar magani. Abin da ya zo min a rai ba zan rubuta shi ba.

Alhamis 12 ga wata, da safe

Sun sake fita ita da Rediyo, wai duba kujeru.

Alhamis ɗin dai, ƙarfe uku

Na yi abin kunya. Tun jiya nake bin Auta da ido, abin da take ci, yadda take zama, yadda take ɗaura zani. Da muka rage mu biyu a gida na kira ta falo. Na yi ta kewaye-kewaye, na ce duk abin da ya faru ni ubanta ne, gara ta faɗa min da bakinta da in ji a waje. Da farko fuskarta ta yi fari fat, kamar na kama ta. Na ce a raina shi ke nan. Sai na ga ta bi idona zuwa inda nake kallo.

Ta ce, "Baba. Ni kake yi wa wannan kallon?"



Ta ce, "Da abin da kake zato ne, da na gode wa Allah." Ta tashi ta shige ɗakinta ta murɗa makulli.

Wace irin magana ce wannan? Me ya fi wannan muni da har za a gode wa Allah?

Juma'a 13 ga wata, da safe

Auta ta gaishe ni daga bakin ƙofa. Uwarta ce ta kawo shayin.

Asabar 14 ga wata, ƙarfe biyar na yamma

Dogo ya zo da wata babbar ambulan mai ruwan ƙasa. Katin gayyata ba ya kai wannan girman. A soro ya ba Maman Auta, suna magana ƙasa-ƙasa. Na zo wucewa da gangan, na ji ya ce, "Mama, ya ce kar a wuce ranar." Da suka gan ni sai ya koma maganar kujeru. Kujerun nan sun sha magana a watan nan.

Na nemi ambulan ɗin bayan ta shiga wanka. Ba ta cikin durowa, ba ta ƙarƙashin katifa. Ni da kaina, da furfurata, ina ɗaga katifar matata.

Litinin 16 ga wata, da rana

Tela ta dawo da rigar bikin Maman Auta, karo na biyu ke nan ana rage ta. Na ce ba kya cin abinci. Ta ce so take ta fi amarya kyau.

Talata 17 ga wata, ƙarfe goma na safe

Akwai wani a wayarta da ta sa wa suna Mai Labule. Duk lokacin da ya kira sai ta fita bayan gida wurin igiyar shanya. Yau ya kira tana banɗaki, na ɗauka ban yi magana ba. Muryar namiji, a natse, ba irin ta 'yan kasuwa ba. Ya ce, "Ki tuna jibi ki zo da wuri, kuma kar ki ci komai." Na kashe.

Wane irin labule ne ake aunawa da yunwa?

Na zauna da wayar a hannuna na tuna duk mazan da suka taɓa gaishe ta da fara'a tun muna sabon aure. Har mai Saman Bene na sa a ciki. Allah ya yafe min. Ba zargin kowa nake ba, na dai rasa wanda ba na zargi.

Laraba 18 ga wata, da yamma

Gobe zan bi su.

Alhamis 19 ga wata, ƙarfe shida na yamma

Na ce musu ina da aiki a wani shago. Na tsaya a kwanar layi har suka shiga tasi, na tari wata na ce a bi su. Direban ya dube ni ta madubi ya yi dariya ya ce, "Baba, a shekarun nan?" Na ce tuƙi aka ce ka yi.

Sun wuce layin tsohuwa. Sun wuce masu kujeru. Sun wuce duk wani mai labule da ke kasuwa. A bayan tasha suka tsaya, a gaban dogon ginin nan mai farin fenti, mai bencina a baranda. Na san ginin, asibiti ne. A nan aka haifi Auta.

Dogo yana bakin ƙofa yana jiransu, ambulan ɗin a hammatarsa.

Matakala biyar ce a ƙofar. Na tsaya a tsallaken titi bayan mai lemo ina kallo. Ta hau ɗaya, ta hau biyu. A ta uku ta tsaya, ta dafa kafaɗar Rediyo, ta sunkuyar da kai. Mutane suna ta kewaye su suna wucewa. Dogo ya miƙo hannu, ta girgiza kai. Ta daɗe a wurin. Sannan ta hau sauran.

Mai lemo ya ce, "Baba, na nawa za a ba ka?" Ban san me na ce masa ba.

Ban shiga ba. Da ƙafa na taka har titin kasuwa, na hau Saman Bene ina ƙirgawa. Shekara ashirin da ɗaya ina hawa da sauka da tsani a kafaɗa ban taɓa ƙirgawa ba. Arba'in da shida. Na zauna a ta ƙarshe har mai shara ya ce zai rufe.

Da na dawo tana kwance. Ta ce yaya aikin? Na ce lafiya. Na ce yaya kujeru? Ta ce an samu.

Juma'a 20 ga wata, da safe

Ban tambaya ba.

Asabar 21 ga wata, ƙarfe shida na yamma

Na ɗauki akwatin aikina na tafi lambun tsohuwa. Na ce mata wayar nan za ta kashe mutum. Ta ce, "Shekara tara tana nan ba ta kashe kowa ba." Na ce to ba a bikin 'yata za ta fara ba. Na tsinke komai na soma sabo. A ƙaramin ɗakin na fara: sabuwar fanka, soket kusa da gado, makunni a inda hannu zai kai ba sai an tashi ba. Tsohuwar tana tsaye tana kallona, ta ce, "Ashe an faɗa maka." Na ce me? Ta ce, "Ba komai," ta ja ƙafa ta fita. Har ita. Har tsohuwar da ban sani ba sai mako biyu da suka wuce.

Da rana Auta ta kawo min abinci, uwarta ce ta aiko ta. Ta ajiye za ta juya na ce, "Auta, riƙe min tsani." Ta riƙe. Na hau har ƙarshe don kar in ga fuskarta, na ce, "Abin da na yi miki ranar nan, ban kyauta ba. Ki yafe wa tsohon nan."



Ta ce, "Baba, ka sani ne?"

Na ce, "Miƙo min salatif."

Ta miƙo. Ba ta tafi ba sai da na gama layin.

Litinin 23 ga wata, da rana

Na zauna da waya ina yanke baƙi. Abokina kafinta, wanda muka yi shekara talatin muna hawa gini tare, ya ce, "An haɗa jini da manya an manta da mu ke nan." Na ce haka ne. Ya fi sauƙi.

Talata 24 ga wata, ƙarfe biyar na yamma

Yanzu fuskoki nake karantawa. In Rediyo ta yi dariya sai in ce da sauƙi. In Auta ta daɗe a banɗaki ta fito ido jajur sai in ce da nauyi. Wa ya san nawa? Ita kanta sun faɗa mata duka, ko ita ma ana yi mata irin abin da take yi min?

Dogo ya zo taya ni rataya fitilu a mangwaro. Na bari ya hau reshe, inda ba zai gudu ba, na ce, "Tambaya ɗaya zan yi maka, ka ba ni amsa irin ta maza." Ya ce, "Baba, na yi mata alkawari. Ita za ta faɗa maka da bakinta." Na ce to mai sauƙi ne ko mai nauyi? Ya daɗe yana murɗa ƙwan da ya riga ya zauna. Ya ce, "Likitan hannunsa yana da kyau."

Ba abin da na tambaya ba ke nan. Amma yaron bai karya alkawari ba ko da na tsare shi a kan bishiya. Auta ba ta yi zaɓen banza ba.

Alhamis 26 ga wata, da safe

Ta ce yau teburori za su dubo. Na ce ta ɗauki ruwa a jaka.

Asabar 28 ga wata, ƙarfe bakwai na yamma

An ɗaura. An yi liyafa. Mutum tamanin aka kira, ɗari da wani abu suka zo, har da kafinta, ya shigo yana hura hanci ya ƙare shi ke raba ruwa. Sai da tsohuwa ta fito da kujerun falonta aka kai gidanmu don baƙin da suka rasa wuri. Baban Dogo, wanda na zaga a littafin nan, shi ya cire babbar rigarsa ya kama ɗaukar teburi.

Da ƙafarta Maman Auta ta zo, layi uku, a hankali, tana gaisawa da mutane a hanya don a ɗauka gaisuwar ce ke tsayar da ita. Ta zauna a gaba. Sau biyu ta shiga ƙaramin ɗakin, wai gyara ɗankwali, na tsaya a ƙofar ina duba wata waya da ba abin da ya same ta. Da aka kunna fitilun mangwaro mata suka yi shewa. Ta ɗaga kai ta kalla, sannan ta neme ni da ido a cikin mutane.

Ta miƙe a hoton ƙarshe ba ta dafa kowa ba.

Lahadi 29 ga wata, da hantsi

Gidan ya yi faɗi. Muna zaune a falo da shayi ta ce, "Na gan ka ranar nan. Bayan mai lemo. Wa ya ce maka mai lemo yana ɓoye mutum mai tsayinka?"

Na ce to me ya sa ba ki yi magana ba? Ta ce kai me ya sa ba ka yi ba?

Na ce har tsohuwa ta sani, ni ban sani ba. Ta ce, "Don na san halinka. Da ka ji, da ka ɗage bikin, ka ajiye aiki, ka tasa ni gaba da ido kamar madara a wuta. Ni kuma so nake in ga 'yata a ɗakinta kafin in kwanta a teburin tiyata. Likita ya ba ni rana, na ce to a yi biki kafin nan."

Ta tashi ta ciro ambulan ɗin daga bayan hoton aurenmu. Ta faɗa min sunan abin. Ba zan rubuta shi ba.

Na ce yaushe? Ta ce gobe, ƙarfe takwas. Ta ce, "Ka zo da bargo, an ce ɗakin da sanyi. Kuma kar ka yi min kuka a gaban mutane." Na ce wa ya ce miki kuka zan yi? Ta miƙo min gefen mayafinta.

Litinin 30 ga wata, ƙarfe tara saura

An shiga da ita.

Litinin, sha biyu da rabi

Ƙwan da ke saman ƙofar yana ta ƙiftawa. Tasta ta gwada wuta tana aljihuna. Ban tashi ba. Rediyo tana gefena tana ta zuba, labarin biki, labarin wanda ya ci da yawa, ba ta tsaya ba tun safe. Yau ban ce ta yi shiru ba.

Litinin, ƙarfe huɗu na yamma

Sun fito da ita. Likitan, Mai Labulen nata, ya ce an yi abin da aka shiga yi, sauran sai sakamako ya fito nan da mako biyu. Na dubi fuskarsa da kyau, ban iya karanta komai ba.

Ta buɗe ido ɗazu. Ta dubi Auta, ta dubi silin, ta dube ni. Leɓenta ya motsa, na kai kunnena.

Ta ce, "An mayar wa tsohuwa da kujerunta?"

Na ce an mayar tun jiya.

Suna nan jibge a tsakar gidanmu. Bari in fita in kira Dogo.